Taswirar sama ba ta nuna Zara ko Mushtari ba: yaya za a koya wa ɗalibai gano su da ido?

Malamin_Jogirafi: Assalamu alaikum. Malamai, shawara nake nema. Akwai darasin rana da duniyoyin da ke zagaye ta a ajin farko na babbar sakandare, kuma ina son ɗalibai su ga abin da idonsu, ba a allo kaɗai ba. Taswirar taurari da ke hannuna irin mai faifai biyu ce da ake juyawa a saita wata da awa. Babu Zara a kanta, babu Mushtari, babu Mirrihi. Taswirar ce ba ta cika ba, ko akwai yadda ake amfani da ita? Ɗalibai arba'in ne, makarantar kwana ce a cikin garin Sakkwato.

Falaki13: Wa alaikumus salam. Malam, taswirarka lafiyarta ƙalau. Irin wannan faifan ba a zana duniyoyi a kansa, domin shekara da shekaru ake amfani da shi, su kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Taswirar unguwa gidaje take nunawa, ba ta nuna baƙon da ke wucewa a kan titi. To a nan darasin yake. Ka nemi layin da aka ja mai ɗigo-ɗigo a kan faifan, wanda ya ratsa buruji goma sha biyu. Hanyar rana ke nan. Wata ba ya kauce mata fiye da digiri 5 da 'yan kai, duniyoyi biyar da ido ke gani kuma ba sa wuce digiri 8 zuwa 9. Ka koya wa yara taurari masu haske da ke kan hanyar: Dabaran, Zira'a biyu, Kalbul Asad, Simak, Kalbul Akrab. Duk wani abu mai haske da suka gani a kan hanyar wanda babu shi a takarda, shi ake nema.

Malama_Kimiyya: Kafin a kai nan, Malam ka juya bayan faifan ka duba don wane yanki aka yi shi. Yawancin waɗanda ke shigowa ƙasar nan an yi su ne don digiri 40 zuwa 50 arewa, wato Turai da Amurka. Sakkwato tana kan digiri 13. Idan na Turai ne, zai nuna tauraron arewa can sama, alhali a nan ɗan sama da rufin gidaje yake, zai kuma yanke taurarin da ke can ƙasan kudu. Suhailu, misali, yana hawa kusan digiri 24 a kudancinmu, shi ne na biyu a haske a duk sararin dare, kuma faifan Ingila bai san da shi ba. Yaro zai ga tauraro mai haske da babu a takarda, ya ce ya gano Mushtari.

Falaki13: Gaskiya ne Malama, wannan ya kamata ya zo farko. Amma Suhailu yana nesa ƙwarai da hanyar rana, wanda ya riƙe ƙa'idar ba zai faɗa wannan ramin ba.

Malamin_Jogirafi: Na duba, an rubuta 51.5 a baya. Ke nan ba namu ba ne?

Malama_Kimiyya: Na Landan ne. A ajiye shi don nuna yadda sama ke juyawa a cikin aji, kar a fita da shi fili.

Injiniya_Mabera: Mafita mai sauƙi: ka buga taka. Manhajar taurari ta Stellarium kyauta ce a kwamfuta, kuma bayan an sauke ta ba ta bukatar intanet. Ka sa wuri da hannunka, arewa 13.06, gabas 5.24, lokaci kuma na Nijeriya. Kar ka yarda da wurin da ta zaɓa da kanta, sau da yawa wani gari take ɗorawa. Idan Legas ta sa, samanka ya goce da digiri shida da rabi. Idan agogon ne ya kauce da awa ɗaya, ya goce da digiri 15, wanda ya isa ya ɓoye Zara a ƙarƙashin ƙasa alhali tana nan tana haske.

Ka saita ranar da awar da za ku fita. Ka kunna layin hanyar rana da layukan buruji, ka rage taurari zuwa mataki na 4 na haske, domin a cikin gari ido ba zai ga na ƙasa da haka ba, cika takarda kawai za su yi. Ka ɗauki hoton fuskar, ka juya launi ya zama farar takarda da baƙaƙen ɗigo, in ba haka ba mai shagon kwamfuta zai caje ka kuɗin tawada. Bugu biyu za ka yi: naka mai duniyoyi, na ɗalibai kuma ka kashe duniyoyin kafin ka ɗauki hoton. Su za su sa su da fensir. A manhajar sunayen Turanci za ka gani: Venus ita ce Zara, Jupiter Mushtari, Mars Mirrihi, Saturn Zuhalu, Mercury Uɗaridu.

Dan_Tudunwada: Ni ban ga amfanin wahalar takarda ba. Kowace waya yanzu tana da manhajar da za ka ɗaga ta nuna maka sunan komai. Minti biyu an gama.

Injiniya_Mabera: An gama me? Yaron ya karanta suna a waya, bai kalli sama ba. Ban da haka akwai matsala biyu. Kamfas ɗin waya yana rikicewa kusa da ƙarfe, ƙofar makaranta, rufin kwano, babur, kuma yana iya kaucewa da digiri ashirin ba tare da ya faɗa maka ba. Na biyu, ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, hasken fuskar waya na daƙiƙa kaɗan ya mayar da shi baya. Waya ɗaya a aljihun malami, don tabbatarwa a ƙarshe, ta isa.

Dan_Tudunwada: Akwai jan haske a manhajar ai, don dare aka yi shi.

Malama_Kimiyya: Akwai, sai saƙo ya shigo ya haska fari. Kuma makarantar kwana ce, ɗalibai ba su da waya.

Baba_Wurno: Malamai ku yi haƙuri in sa baki. Ku yi hattara da maganar gabas. Diyan makaranta in kac ce musu su fuskanci gabas, alƙibla za su fuskanta, don ita munka saba kira gabas. Alƙiblar Sakkwato kuwa ba gabas tsantsa ta ba, ta karkata arewa da wajen digiri 19 zuwa 20. In sunka ɗora takarda bisa wanga, komi ya goce. A fara fidda gabas ta gaskiya tukuna.

Falaki13: Allah ya ƙara girma Baba, wannan ita ce kuskuren da ta fi ɓata darasi a nan. Hanyoyi uku ne na fitar da kusurwoyi.

Ta rana: a kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya a fili mai laushi. Wajen ƙarfe goma na safe a sa dutse a ƙarshen inuwar, a ɗaura zare a gindin sandar a zana da'ira da ta bi ta kan dutsen. Bayan azahar, lokacin da ƙarshen inuwar ya sake taɓa da'irar, a sa dutse na biyu. Layin da ya haɗa duwatsun biyu shi ne gabas da yamma, na safe yana yamma. A shafa masa farar ƙasa ko toka a bar shi har dare. Kar a ce wa yara inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa, wannan maganar littafin Turai ce. A nan, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacinmu, inuwa ta faɗi kudu.

Ta dare: taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Orion (sunansa ke nan a manhajar), wanda ya fara ɓullowa a cikinsu yana fitowa daga gabas sak, ya faɗi yamma sak.

Ta uku ita ce tauraron arewa, amma ba na ba da shawararta a farkon dare. Ba shi da haske sosai, kuma digiri 13 kawai ya ɗaga, ƙura da bishiyoyi suna cinye shi.

Hajiya_Lissafi: In ƙara a kan riƙon takarda. A taswirar sama gabas tana hagu, yamma tana dama, saɓanin taswirar ƙasa da suka saba da ita a ajinka, Malam. Ba kuskuren bugu ba ne, an yi ta ne don a ɗaga ta sama da kai. Ɗaga takarda sama yana gajiyar da yara, don haka a koya musu ɗaya hanyar: su riƙe ta a gabansu, su juya ta har sunan kusurwar da suke fuskanta ya dawo ƙasa. Bakin da'irar shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa, tsakiyar da'irar shi ne tsakar kansu. A yi wannan atisayen da rana a cikin aji har ya zauna. Wanda bai iya shi da rana ba, a duhu sai hayaniya.

Awo kuma da hannu ake yi, a miƙe shi sosai, a rufe ido ɗaya. Ɗan ƙaramin yatsa digiri 1, yatsu uku na tsakiya digiri 5, dunƙulen hannu digiri 10. A gwada: dunƙule tara daga ƙasa ya kamata ya kai tsakar kai. Yaro mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne, shi ya sa awon yake fitowa kusan ɗaya.

Abu_Kware: Ai abin bai kai haka wuya ba. Tauraro yana ƙyalƙyali, duniya ba ta yi. Shi ke nan.

Falaki13: Rabin gaskiya ce. A sama sosai ƙa'idar tana aiki, domin tauraro ɗigo ne tak da iska ke kaɗawa, duniya kuwa ɗan faifai ce, kaɗawar tana bajewa. Amma ƙasa da dunƙule biyu daga ƙasa, Uɗaridu da Mirrihi suna ƙyalƙyali su ma, musamman in ƙasa ta sha rana tana fitar da zafi. A daren da iska ta kwanta kuma, tauraron da ke tsakar kai yana iya tsayawa cik. A haɗa shaida uku: yana kan hanyar rana, babu shi a takarda, haskensa a tsaye. Ta huɗu ita ce mai yanke hukunci, ya matsa bayan mako biyu.

Malama_Kimiyya: Ga yadda kowace take, don kar a yi ta neman abin da ba zai yiwu ba. Zara ta fi Shi'ira, tauraron da ya fi sauran taurarin dare haske, ƙarfin haske fiye da sau goma, kuma ba ta nisa da rana fiye da digiri 47. Ko dai tana yamma bayan magariba, ko tana gabas kafin asuba, inda ake kiranta Gamzaki. Duk wanda ya nuna maka abu a tsakar kai da ƙarfe goma sha biyun dare ya ce Zara ce, Mushtari ya gani. Mushtari fari ne mai ɗan ruwan madara, yana shafe kusan shekara ɗaya a kowane buruji domin zagayensa shekara 12 ne saura kaɗan. Zuhalu ya fi shi dushewa, ɗan rawaya-rawaya, zagayensa shekara 29 da rabi, don haka ɗalibi zai shiga babbar sakandare ya fita bai matsa fiye da buruji ɗaya da 'yan kai ba.

Mirrihi shi ne mai yaudara. Duk bayan wata 26 yake kusantarmu ya yi ja jawur, kamar yadda ya yi a 16 ga Janairun 2025 kusa da taurarin Zira'a, na bayansa kuma Fabrairun 2027. Tsakanin nan yana dushewa har ya koma kamar sauran taurari, kuma idan ya zo kusa da Kalbul Akrab ko Dabaran, su ma jajaye ne, sai takarda ta raba gardama.

Uɗaridu ba ya wuce digiri 28 daga rana, galibi ma ƙasa da haka. Mu a nan mun fi Turawa sa'arsa, domin hanyar rana tana miƙewa kusan tsaye daga inda rana ta faɗi. Minti 30 zuwa 45 bayan faɗuwar rana, yamma a buɗe, babu gini.

Injiniya_Mabera: Wannan batun tsayuwar hanya yana da muhimmanci. Littattafan waje suna cewa a fuskanci kudu a nemi duniyoyi. A Sakkwato hanyar rana tana hawa tsakanin digiri 54 a kudu da wajen digiri 80 ta ɓangaren arewa. Wato idan Mushtari yana burujin Saur (Taurus) ko na Jauza (Gemini), zai bi ta tsakar kai har ya ɗan leƙa arewa. A zo da tabarmi, a kwanta rigingine, in ba haka ba wuya ce za ta ƙare darasin.

Almajirin_Zaure: Allah ya gafarta malamai, tambayata ita ce me ya sa za a ɗora wa yara zanen Girkawa na mutane da dabbobi alhali muna da manzilolin wata guda 28 da malamanmu suka daɗe suna lissafi da su? Manomi ya san Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha. Kowace kwana 13 take yi, Jabaha 14, ya ba da 365. Manzilolin nan a kan hanyar wata suke, ita ce kuma hanyar da kuke magana. Yaron da ya ji sunan a bakin kakansa zai fi saurin riƙewa. Kaza da 'ya'yanta ma ai ita ce Surayya.

Falaki13: Na yarda da kai Malam, a rubuta sunayen da biro a gefen na manhajar. Gyara biyu kawai. Wasu manzilolin ba su da haske, Nasara da Ɗarfa ba a ganinsu a ƙarƙashin fitilar titi, kuma Haƙa'a ta sauka kudu da hanyar rana da fiye da dunƙule ɗaya, ba za a ga duniya a cikinta ba. Sannan lokacin da manomi ya ce an shiga tauraro kaza, tauraron yana kusa da rana ne a kwanakin, ba a ganinsa bayan isha'i. Yaro zai fita neman Zira'a a damina da dare, ya rasa, ya ce ƙarya ne. Da daren Janairu da Fabrairu ake ganinta sosai.

Uwar_Biyu: Malam mai tambaya, ka shirya wa iyaye. Da zarar an ji buruji da taurari, wani zai ce duba ake koya wa 'ya'yansa.

Almajirin_Zaure: Wannan damuwa ce mai tushe, kuma malamai sun raba abin tuntuni. Sanin tafiyar taurari don gane lokaci, alƙibla da hanya daban, danganta musu arziki ko tsiyar mutum daban, na biyun shi ne haramun. Aya ta 97 a Suratul An'am da aya ta 5 a Suratu Yunus sun isa hujja. A rubuta wa iyaye takarda a bayyane, a gayyaci malamin addinin makarantar ya tsaya a filin. Kuma kar a bari yara su shiga maganar burujin haihuwa, a tsayar da ita tun daga farko.

Malamin_Jogirafi: Na gode ƙwarai. To wane lokaci ya fi? Ina tunanin lokacin sanyi tunda babu hadari.

Abu_Kware: Babu hadari amma akwai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai dararen da ba ka ganin komai ƙasa da dunƙule uku. Oktoba da farkon Nuwamba sun fi, ruwa ya wanke sama, ƙura ba ta taso ba.

Hajiya_Lissafi: Ban yarda gaba ɗaya ba. Hazo yana share ƙananan taurari ya bar manya, kuma ga mai koyo wannan sauƙi ne, takarda da sama sun fi kama da juna. Zara da Mushtari suna huda hazo mai sauƙi. Sai dai yana sa komai ya yi ja-ja, kar a dogara da launi a irin wannan daren. Kuma duniyoyi ba sa bin zangon karatu. A fara duba Stellarium a ga watan da biyu ko uku suke sama bayan magariba, sannan a zaɓi dare.

Baba_Wurno: Ku bi wata shi kai ku. Kowane wata shina bi ta gefen kowace ɗaya daga cikinsu, shina matsawa gabas wajen digiri 13 kowane dare. A zaɓi daren da jinjirin wata na kwana uku zuwa bakwai ya tsaya kusa da wadda aka nema. Daren sha huɗu kam a bar shi, haske ya yi yawa.

Malama_Kimiyya: Tsarin fita ga mutum arba'in: rukuni takwas, biyar-biyar. Kowane rukuni takarda ɗaya manne a kan kwali, fensir, da ƙaramar tocila da aka rufe bakinta da jar leda ninki biyu ko uku aka ɗaure da roba. A fito bayan sallar magariba, domin a nan duhu ba ya jinkiri, kuma a wannan ɗan tsakanin duniyoyi ne ke fara bayyana kafin taurari, abin da ke sauƙaƙa aikin. A tsaya inda gini ya kare fitilar sola. A share filin da rana, kowa ya sa takalmi rufaffe saboda kunama. Wajen nuni, doguwar gora ta fi yatsa, kuma yaro ya tsaya a bayan kafaɗar mai nunawa, in ya tsaya a gefe wani tauraron zai gani. Fitilar leza kore tana da kyau, amma a hannun malami kaɗai, kuma a kashe ta da zarar an ga jirgi, filin jirgin sama bai yi nisa da gari ba.

Za su ga abu mai haske yana tafiya su yi ihu. Mai ƙiftawa jirgi ne. Wanda ke tafiya shiru ba ƙiftawa, ya ratsa sama cikin 'yan mintoci, tauraron ɗan'adam ne.

Falaki13: Fita ɗaya ba ta koyar da abin da kake so, Malam. A dawo bayan mako biyu da takardar nan, a sake sa ɗigo. Zara tana matsawa kusan digiri ɗaya a rana, Mirrihi wajen rabin digiri, za a ga bambanci ƙarara. Mushtari sai an auna shi da tauraron da ke kusa, Zuhalu kuwa a ba shi zango guda. A tuna taurari suna riga fitowa da minti 4 kowane dare, don haka saman ƙarfe takwas na yau shi ne na ƙarfe bakwai bayan kwana 15. Kuma idan ɗigon Mushtari ya koma yamma maimakon gabas, kar a ce yaro ya yi kuskure. Yana yin haka kusan wata huɗu a kowane zagaye na wata 13, lokacin da duniyarmu ke wuce shi ta ciki.

Dan_Tudunwada: To madubin hangen nesa fa? Ko shi ma haramun ne kamar waya?

Injiniya_Mabera: Haba ɗan'uwa. Mai ido biyu, 10x50, wato mai ƙara girma sau 10, ya isa a ga watannin Mushtari huɗu da Galileo ya gani a 1610, ɗigo-ɗigo a jere, wani dare uku, wani dare huɗu. Sharaɗin shi ne kar ya girgiza, a ɗora shi a kan katanga ko a ɗaure shi a jikin sanda. Zoben Zuhalu ba ya fitowa da shi, sai na'ura mai ƙara girma sau 30 ko fiye. Kar a fito da shi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, musamman wajen neman Uɗaridu, kallon rana ta cikinsa yana ƙona ido nan take. Kuma a ƙarshen darasi za a fito da shi, in ba haka ba layi za su yi a bayansa su watsar da takardun.

Hajiya_Lissafi: Wanda ya samu faifan da ya dace da yankinmu ya lura da agogo. Lokacin Nijeriya an ɗora shi ne a kan digiri 15 gabas, mu muna kan 5 da ɗan kai, saman Sakkwato yana bayan agogo da kusan minti 40. Idan agogo ya ce 8:40, a saita faifan a kan 8:00. Bugun Stellarium ba ya bukatar wannan gyaran, ya riga ya lissafa.

Malamin_Jogirafi: Hajiya, idan na buga takardar don ƙarfe bakwai da rabi, aka samu jinkiri har bayan isha'i, sai na sake bugawa?

Hajiya_Lissafi: A'a. Awa ɗaya dunƙule ɗaya da rabi ne zuwa yamma, su matsar da komai haka da idonsu. Abin da ke bakin yamma ne kawai za ku rasa, don haka idan Zara tana ƙasa-ƙasa a ranar, da ita za ku fara.